Idanun Malama a Shagon Tsaya-Haka

Matso nan ka zauna. A'a, ba wannan kujerar ba, ƙafarta ɗaya ta gaji da duniya, ja waccan mai majingini. Yauwa. Ajiye wayar nan tukuna, ka ba ni aron kunnenka, in ba ka labarin wani mai ɗaukar hoto da matarsa, da wani ambulan da ya haura shekara biyu a ƙasan durowa.

Shagonsa yana layin bayan tashar mota, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Ƙofar gilashi ce, an manna mata hotunan mutane tun tuni, rana ta cinye launinsu har duk sun koma kamar 'yan gida ɗaya. Ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Tsaya-Haka ake ce masa, don tun yana saurayi, in ya leƙa ta cikin kyamara ya ga fuska ta zauna daidai, abin da ke fitowa daga bakinsa ke nan, a hankali, kamar mai gudun kada tsuntsu ya tashi: "Tsaya haka."

A bangon ciki akwai labulen da kowa ke zama a gabansa. Wani mai zane ne ya zana shi tun kafin shagon ya zama na Tsaya-Haka: tafki shuɗi a kwance, kwale-kwale ɗaya a tsakiya ba kowa a ciki, can gefe farin gida mai bene, matakalarsa ta gangaro har bakin ruwa. Sai dai mai zanen ya manta bai yi wa gidan ƙofa ba. Tagogi shida, ƙofa babu. Rabin mutanen unguwar sun taɓa zama a bakin wannan tafki, masu neman aiki, sababbin ma'aurata, tsofaffin da 'ya'yansu suka matsa sai an ɗauke su. In la'asar ta yi, rana ta ratso gilashi ta faɗa kan labulen, sai ka rantse ruwan yana motsi. Tsaya-Haka yakan zauna yana kallo har shayinsa ya huce a hannunsa.

A hannun wani tsoho ya koyi aikin, zamanin fim da ɗakin duhu. Tsohon ne ya koya masa gyaran hoto da fensir mai tsini: a ɗauke ƙurji, a rage tabo, a share layin da damuwa ta ja a goshi. "Mutum ba fuskarsa yake zuwa karɓa ba," in ji tsohon, "wadda yake zaton yana da ita yake zuwa karɓa." Amma ya kafa masa doka ɗaya. Kafin ka taɓa hoto, ka wanke guda yadda kyamara ta gan shi, ka rubuta kwanan wata a bayansa, ka ajiye. Ko da mai hoto zai dawo ya ce ka ɓata shi, kana da inda za ka koma. Tsohon ya rasu, fim ya wuce, kwamfuta ta zo ta zauna a inda ɗakin duhu yake, Tsaya-Haka bai saki wannan doka ba. Durowarsa ta ƙasa cike take da fuskokin da masu su ba su taɓa gani ba.

"Ni da kai sana'armu ɗaya," mai aski yakan ce masa daga bakin ƙofa. "Ni in rage gashi, kai ka rage shekaru."

"Naka sati biyu ya dawo," in ji Tsaya-Haka. "Nawa har jikoki."

To, Malama fa, matar tasa. Tana budurwa ta shigo shagon, riƙe da takardar neman aikin koyarwa, tana son ƙananan hotuna guda huɗu. Idanunta lumsassu ne, kamar ta tashi daga mafarki mai daɗi ba ta gama sallamarsa ba. Kuma ga ta da ƙifta ido. Fitilar kyamara na walƙawa, sai ta rufe. Sau biyar ana yi, tsoho yana tsaki a baya don fim na ƙarewa.

"Malama, ki daure ki bar idon a buɗe."

"Ni ba malama ba ce tukuna."

"In kika ci gaba da ƙiftawar nan, ai ba za ki zama ba."

Ta yi dariya, ya ce tsaya haka, hoton ya fito. Ta sami aikin, sunan ya bi ta, shi ma ya bi ta, bayan shekara ɗaya suka yi aure.

Tun daga nan, duk shekara in ranar da ta fara shigowa shagon ta zagayo, sai ta biyo bayan an tashi daga makaranta, da garin alli a hannun rigarta, ta zauna a bakin tafki. Kullum sai ta ɓata biyu ko uku da ƙiftawa kafin a sami na kirki. Kullum kuma sai sun yi hirarsu ta gidan.

"Baban Auta, yaushe za mu koma gidanmu na bakin ruwa?"

"Sai an yi masa ƙofa."

"Ta taga za mu shiga. Ni ɗakin sama nake so, na hagu."

Autar nan 'yarsu ce guda ɗaya tak, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, amma Auta suka zaɓa. Ta girma tana ƙirga hotunan uwarta a bangon falo, ta yi aure, mijinta ya tafi da ita gari mai nisa. Suna magana a waya, murya kawai, don Malama ta ce ita ba ta iya hira tana kallon kanta a ɗan gilashi ba. Shi ya sa duk shekara Tsaya-Haka ke wanke hoton guda biyu, ɗaya na bango, ɗaya na Auta.

A shekara ta talatin, Malama ta zauna, fitila ta walƙa, ba ta ƙifta ba. Ɗauka ɗaya, shi ke nan.

"Shekara talatin kafin ki koya," ya ce mata, yana murna. "Ashe malamai ma suna da ɗaukar darasi."

Bayan ta tafi ya buɗe hoton a kwamfuta, ya ƙara masa girma. Nan ya ga wani siririn fari a saman ƙwayar idonta, inda a da fatar ido ke rufewa. Kamar wadda aka kira sunanta ba zato. Ya ce a ransa gajiya ce. Ya wanke na asali, ya rubuta kwanan wata, ya sa a ambulan. Sannan ya sauko da fatar idon kaɗan, faɗin gashi ɗaya, abin da yake yi wa baƙi kullum ba tare da ya yi tunani ba. Malama ta dawo Malama. Ya kai gida ya rataye.

A gida kuwa abubuwa suka soma canjawa, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Tana cin abinci sau biyu a zama ɗaya, amma tana ramewa, har tela ya gaji da rage mata riguna. Ko da sanyi sai ta kunna fanka, shi yana ƙudundune cikin bargo ita tana share gumi. A aji alli ya soma rawa a hannunta, rubutunta da ake misali da shi ya koma kamar tafiyar tururuwa. Takan dafe ƙirji ta ce tana jin kamar ana buga ƙofa daga ciki. Matar da ba a taɓa jin muryarta daga waje ba, yanzu cokali in ya faɗi sai ta yi faɗa, bayan minti biyar ta zauna tana kuka tana cewa ba ta san abin da ya same ta ba. Ɗalibai suka soma raɗa cewa Malama ta koyi harara. Idanun kuma suna hawaye ba dalili, tana cewa kamar an zuba mata yashi.

Kowa da nasa bayanin. Maƙwabciya ta ce kewar Auta ce. Shugaban makaranta ya ce garin alli ne, ya kawo mata tabarau. Mai aski ya ce shekaru ne, kowa zai je. An sayi maganin ido, an sayi maganin ƙarin jini, an sayi na barci. Ba wanda ya zauna ya ce wataƙila ido da zuciya da rawar hannu duk bakinsu ɗaya.

Wata safiya ta tsaya a gaban madubi ta daɗe.

"Baban Auta, zo ka dubi idon nan. Kamar ba nawa ba."

Ya zo ya tsaya a bayanta. Ya gani, ai idonsa idon aiki ne, ba abin da ke wuce shi a fuska. Amma ya ga yadda leɓenta ke rawa, sai ƙafarsa ta kai shi falo, ya sauko da hoton ƙarshe.

"Ga ki nan wata biyu da suka wuce. Me ya same ki? Madubin nan ne, tun da muka saye shi yake kumbura mutane. Ni ma kumatu yake yi min."

Ta dubi hoton, ta dubi madubin. Shekara talatin mutumin nan yana ɗaukarta, kuma ka san zuciya da abin da take son ji. Ba a yi sati ba ta ba maƙwabciya madubin, ta bar wani ɗan ƙarami da take duba haƙori da shi.

Shekara ta zagayo, aikin gyaran ya ci awa guda. Da ta sake zagayowa, rufe shago ya yi yini cur. Idanun sun turo gaba, fatar ta kumbura, na hagu ya fi na dama fitowa, ba abin da zai iya saukowa da shi. Sai ya buɗe hoton shekara goma baya, ya aro idanun can, ya kawo ya dasa a wannan fuskar, ya cike kumatun da suka zabge. Mai aski ya leƙo ta gilashi.

"Wa kake yi wa wannan doguwar hidima, amarya ce?"

Ya juya kwamfutar bango.

Kada ka ɗauka mugu ne. Abin da yake faɗa wa kansa shi ne, ciwo ne zai wuce, shi kuma yana ajiye mata fuskarta ne har ta dawo, yadda ake share ɗakin wanda ya yi tafiya. Da la'asar in ruwan labule ya soma motsi, yakan hango ta a tagar sama ta hagu, ta jingina, idanu a lumshe, iska na taɓa mayafinta, ba gumi, ba rawar hannu. Yakan zauna da wannan Malamar har inuwa ta cinye tafkin, sannan ya rufe shago ya tafi gida wajen ɗayar, wadda ko gyangyaɗin rana ta yi idanunta ba sa rufuwa duka.

Wata huɗu bayan hoto na uku, Auta ta zo ba sanarwa. Ta yi sallama da fara'arta, uwar ta fito daga kicin, jakar Auta ta sulale daga kafaɗarta ta faɗi.

"Umma?"

"Mene ne kike kallona kamar kin ga baƙuwa?"

Auta ta dubi bango, ta dubi uwarta, ta sake duban bango. "Baba, cikin wata huɗu? Wannan duk cikin wata huɗu, ba wanda ya kira ni?"

Tsaya-Haka ya sunkuya ya ɗauki jakar, ya daɗe yana kakkaɓe ta.

Washegari da safe suna kan bencin asibiti su uku. Likitar mace ce mai manyan shekaru, tabaraunta rataye da zare a wuya. Ba ta yi gaggawa ba. Ta sa Malama ta miƙa hannuwa, ta ɗora takarda a kansu, takardar ta kama kaɗawa kamar ganye. Ta riƙe wuyan hannunta tana duban agogo. Ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiya, ita kuma ta zuba ido a maƙogwaronta, sannan ta zagaya baya ta lalubi wuyan da yatsu. Ta ɗaga yatsa sama ta ce guda nawa, Malama ta ce biyu. Ta ɗauki jan murfin kwalba, ta ce ta rufe ido ɗaya ta duba, sannan ɗayan.

"Da na dama ja ne," in ji Malama. "Da na hagu kamar an wanke shi ya koɗe."

Likita ta rubuta wani abu, ta ja layi a ƙasansa. Ta tura su gwajin jini, ta ce su dawo jibi. "Kuma in akwai tsofaffin hotunanki, Malama, ki taho da su. Ina so in ga lokacin da idon ya soma."

Malama ta yi murmushi, karo na farko a ranar. "Likita, in dai hoto ne, kin faɗo gidansa. Ga mai ɗaukar nan a zaune."

Ranar komawa, Auta ta sauko da hotuna biyar na ƙarshe daga bango ta naɗe a tawul. Tsaya-Haka ya ce su yi gaba, zai leƙa shago ya biyo su. Ya buɗe, bai kunna fitila ba. Da safe labulen ba ya motsi, yadi ne kawai da fenti, har da inda ɓera ya ci a ƙasa. Ya durƙusa ya ja durowa. Ambulan ɗin yana can ƙasa, ƙarƙashin fuskokin mutanen unguwa. Ya sa a aljihu. In ka tambaye shi a lokacin ko zai fito da shi, ba zai iya ba ka amsa ba.

Likita ta riga ta jera hotunan a tebur lokacin da ya shigo. Ta ce ya zauna, ta juya ga Malama.

"Ciwon ba a ido ya fara ba, a nan ya fara," ta taɓa gaban wuyanta. "Akwai wata 'yar tsoka a nan, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Aikinta ta zuba wani sinadari a jini, shi ke gaya wa jiki saurin da zai yi tafiya. Garkuwar jikinki, wadda ya kamata ta tsare ki daga cuta, ita ce ta ruɗe, ta koma tana zungurar tsokar nan, ita kuma tana ta zubawa ba tsayawa. Shi ne zuciya ke gudu, abinci ke ƙonewa, hannu ke rawa, rai ke saurin ɓaci."

"To idon fa?" in ji Auta.

"Garkuwar nan dai. Ta kuma taɓa nama da kitsen da ke bayan ido, suka kumbura. Wurin kuwa ƙashi ne ya zagaye shi, ba inda za su je, sai su turo idon gaba. In kumburin ya yi yawa yakan matse jijiyar gani. Jan murfin nan da ya koɗe miki, shi ya sa na damu."

Malama ta ce a hankali, "Ashe faɗan da nake yi ba halina ba ne."

"Ba halinki ba ne." Likita ta sa tabarau ta sunkuya kan hotunan. Ta ɗauki na ƙarshe, ta dubi Malama, ta sake dubansa. "Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Jikinki yana ba ni labarin shekaru, hoton nan yana cewa wata huɗu. In da gaske wata huɗu ne, abin gudu yake yi, in kuwa ya daɗe, wani lissafin ne daban. Ido nake so in ceto, ba na son in yi aiki da lokacin da ba shi ba. Kun tabbata da kwanan watan nan?"

"Ni ya aiko wa irinsa," in ji Auta. "Na tabbata."

"Mijina ba ya kuskuren kwanan wata," in ji Malama.

Fanka na juyawa a sama. Tsaya-Haka ya ji ambulan ɗin a ƙirjinsa kamar dutsen guga mai zafi. Ya dubi matarsa daga gefe, inda idon hagu ya fi nuna fitowarsa, yana sheƙi da hawayen da ba na kuka ba. Ya sa hannu a aljihu. Ya zaro ambulan ɗin.

"Likita, kwanan watan daidai ne. Fuskar ce ba daidai ba. Ga waɗanda kyamara ta gani."

Ya jera su uku a ƙarƙashin ukun da ya gyara. Na farko, siririn fari a saman ƙwayar ido. Na biyu, farin ya zagaye, kumatu sun soma tafiya. Na uku, matar da ke zaune a ɗakin. A bayan kowanne, rubutunsa, ƙanana a tsare.

Auta ta buɗe baki, uwarta ta ɗaga mata hannu. Malama ta ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta kusantar da su, ta nisantar. Can ta ajiye.

"Sai na je na ba madubin nan haƙuri," ta ce.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki na farkon ta ce, "Da tun lokacin wannan hoton kuka zo, da aikin ya fi sauƙi." Iyakar abin da ta ce masa ke nan, kuma ya ishe shi. Sannan ta ce ukun nan sun gaya mata abin da take nema, ta rubuta ƙwayoyin da za su kwantar da tsokar wuyan, da maganin ɗigawa, ta ce a ƙara matashin kai, a nisanta ta da hayaƙin taba, ta haɗa su da likitan ido a ranar, saboda jijiyar hagu ba za ta jira ba.

Aka shiga zirga-zirga. Ƙarin ruwa mai maganin kumburi, gwajin jini, komawa, sake komawa. Auta ta yi wata biyu sannan ta tafi, ta bar wa ubanta gaisuwa a taƙaice. Maganin ya kama, zuciyar Malama ta rage gudu, faɗan ya tafi. Sai shiru ya maye wurinsa, kuma Tsaya-Haka ya gane faɗan ya fi sauƙi. Tana ajiye masa abinci, tana amsa gaisuwarsa, shi ke nan. A bangon falo gurbi uku sun zauna fari fat.

Wata rana yana ɗiga mata magani, kanta a jingine da kujera, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Sama da shekara biyu ina tambayarka."

"Na ɗauka ina ajiye miki fuskarki ne."

"Fuskar tana jikina, Baban Auta. Kana can kana jinyar takarda, ni ina nan."

Ɗigon ya gangaro kumatunta, ya sa gefen hannun rigarsa ya share. Ba ta kawar da kai ba.

Watanni suka wuce. Tela ya soma ƙara wa riguna faɗi. Fanka ta huta. Rubutun allo ya miƙe, ɗalibai suka daina raɗa. Idanun sun ɗan koma, fatar ta sauko har suna rufuwa, amma ba su koma lumsassun da ba, likita ma ta ce kada a sa rai da hakan ba tare da tiyata ba. Na hagu ya tsira da ganinsa, sai dai launi bai dawo masa duka ba.

Ranar hoton shekara ta zagayo. Tsaya-Haka bai ce komai da safe ba, ita ma ba ta ce ba. Ya buɗe shago, ya ɗauki masu neman aiki biyu da wata jaririya da ta ƙi zama. La'asar ta yi, rana ta ratso gilashi, tafki ya soma motsi. Ya haɗa shayi ya zauna, bai sa ran kowa ba. Ya dubi tagar sama ta hagu, ya tarar ba kowa a ciki.

Ƙofa ta buɗe. Garin alli a hannun riga.

Malama ta wuce shi ta tsaya gaban labulen, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta sauya.

"Da wannan idon, tafkin shuɗi ne. Da wannan toka-toka." Ta sauke hannu. "Har yanzu ba ƙofa."

"Har yanzu."

Ta zauna, ta gyara mayafi. "Ka ɗauka. Amma wanda kyamara ta gani shi zan karɓa. In na ga hannunka ya nufi kwamfutar nan, mai aski zai zo rabon faɗa."

"Ina nan ina jira, Malama," in ji mai aski daga bakin ƙofa, da almakashi a hannu.

Tsaya-Haka ya leƙa. Ga ta nan cikin ɗan gilashin, da manyan idanunta, na hagu ya ɗan fi, ruwa na motsi a bayanta. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda aiki ke bukata.

"Tsaya haka," ya ce.

Fitila ta walƙa. Ta ƙifta.

Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa tebur, ita ma ta kasa riƙe tata. Sau uku ana yi kafin a sami na kirki. Ta karɓi mai idon buɗe don bango, ta ce ya aika wa Auta mai ƙiftawar, za ta fi gane uwarta.

In ka shiga falonsu yau za ka ga gurbin nan uku sun cike, da ukun da suka fito daga ambulan, a jere da sauran, kowa ya gani. Ukun da ya gyara kuwa, ba ta yaga su ba, ba ta kuma ba shi ba. Ta sa su a tsohon ambulan ɗin, ta ajiye a ƙasan akwatinta, tare da takardar da aka ɗauke ta aiki. Bai taɓa tambayarta dalili ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Kai da ka zauna ka ji tun daga farko, me kake gani ya sa ta ajiye su?